Fumfuna A Ɗaki, Tari A Ƙirjin Yara

Sanin kowa ne cewa ƙasar Birnin Gwari tana da albarkar ruwa da itatuwa. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, yana cikinta, kuma daga watan Yuni zuwa Satumba iskarta ba ta rabuwa da laima. Wannan ni'ima ce ga manomi, amma a ɗakunan kwana tana haifar da wata cuta da ba a cika kula da ita ba, wato fumfuna.

Fumfuna ba ta bukatar komai illa danshi da rashin iska. Duk abin da ya jiƙe ya kwana biyu bai bushe ba, to, ta sami masauki. Abin takaici, kayan da ake neman sanyi da su su ne ke ciyar da ita. Na'urar sanyaya ɗaki tana tatsar ruwa daga iska, ya taru a cikinta, ya fita ta bututu. Idan bututun ya toshe, ko matatar ƙura ta daɗe ba a wanke ta ba, sai fumfuna ta yi gida a ciki, ranar da aka kunna kuwa ta feso ƙwayoyinta ga duk mai numfashi a ɗakin. Gidan talaka ma bai tsira ba, domin randar da aka girke bisa jiƙaƙƙen yashi a kusurwar ɗaki takan baƙanta bango, danshin ya kai ga tabarma da katifa.

Yara ne suka fi shan wahalar wannan al'amari. Numfashinsu ya fi na manya sauri, huhunsu bai gama ƙwari ba, ga shi su ne masu kwana a ƙasa. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna, inda ta nuna cewa mazauna irin waɗannan gidaje sun fi fuskantar tari, da shessheƙa, da tashin ciwon fuka. Sau da yawa uba zai yi ta sayen maganin tari a kemis, yaro ya ɗan samu sauƙi, sa'an nan a mayar da shi ɗakin da ya ba shi ciwon. Bugu da ƙari, shekarun rashin tsaro sun koro iyalai da dama daga ƙauyuka zuwa cikin gari, cunkoso kuwa yana ƙara wa ɗaki laima.

Saboda haka ya wajaba ga kowane magidanci ya riƙa wanke matatar na'urarsa aƙalla sau ɗaya a wata, ya tabbata ruwanta yana zuba waje. A fitar da randa zuwa rumfa, a buɗe tagogi da hantsi, a shanya shimfiɗar yara duk ranar da rana ta fito. Shafa fenti a kan baƙin bango ba magani ba ne matuƙar ba a toshe inda ruwa ke shiga ba.

Ƙaramar Hukuma kuwa ta farfaɗo da aikin duba-gari kafin damina ta kankama, a fara da gidajen ma'aikata da ɗakunan kwanan ɗalibai. Haka nan ma'aikatan asibiti su riƙa tambayar iyaye halin da ɗakin yaro yake ciki kafin su rubuta magani. Rigakafi dai, in ji masu iya magana, ya fi magani.