Wa Ke Da Alhakin Rayukan Da Tafkunan Jihar Neja Ke Ci?

Duk mutumin Suleja da neman abinci ya kai shi Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ya san irin faɗuwar gaban da akan yi in damina ta kankama aka ji an ambaci Jihar Neja a rediyo. A watan Yuli na 2017, da kuma Yulin 2020, ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a Suleja, rafukan da suka ratsa garin suka cika suka batse, suka ci gidaje da rayuka. Ran 29 ga watan Mayu na 2025 kuwa ambaliya ta afka wa garin Mokwa, ta share Unguwar Hausawa da Tiffin Maza, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. Irin wannan ɓarna takan zo a dare ɗaya, a yi ta maganarta shekara da shekaru. Amma akwai wata asarar da ruwa ke yi wa jihar kowace shekara ba fashi, har ta so ta zama jiki, watau ta jiragen ruwan da ke kifewa da jama'a a manyan tafkunanta.

Tafkunan nan hannun mutum ne ya yi su. An kammala madatsar ruwa ta Kainji a kan Kogin Kwara a 1968, ta Jebba ta biyo baya a 1985, ta Shiroro a kan Kogin Kaduna a 1990, sannan ta Zungeru a 'yan shekarun nan. Don a sami tafkin Kainji kaɗai sai da aka tashi mutum kimanin 44,000 daga gidajen kakanninsu, ruwa ya binne tsohon garin Bussa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806. Wutar lantarkin da ake samu a can ita ce wayoyi ke ɗauka har Ikko, wadda ake saka fanka da ita a Agege da Idi-Araba. Mutanen bakin tafki kuwa abin da ya rage masu shi ne ruwa mai faɗi tsakaninsu da gonakinsu, da kasuwanninsu, da dangin da suke aure a wurinsu.

Ga kaɗan daga abin da ya biyo baya. Ran 26 ga watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum wajen 180 ya nutse tsakanin Jihar Neja da garin Wara na Jihar Kabi, waɗanda aka ceto ba su kai 30 ba. A watan Yuni na 2023 'yan biki da suka taso cikin dare daga Egboti za su koma ƙasar Patigi suka nutse, fiye da 100 suka rasu. Ran 1 ga watan Oktoba na 2024 jirgin da ya ɗauko mutum wajen 300 daga Mundi zuwa Gbajibo a lokacin Maulidi, yawancinsu mata da yara, ya kife bayan duhu ya yi. A watan Yuli na 2025 masu zuwa cin kasuwar Zumba suka nutse a tafkin Shiroro, aka rasa aƙalla 13. A watan Satumba na shekarar kuma jirgin masu zuwa ta'aziyya daga Tungan Sule zuwa Dugga, a ƙasar Borgu, ya daki kututture a kusa da Gausawa, aka tsamo gawa aƙalla 29.

Da zarar an sami irin wannan labari, abin da akan fara ɗora wa laifi shi ne iska. Lalle iskar farkon damina ba abar wasa ba ce. Hadari kan haɗo daga gabas, gari ya yi tsit, sannan iska ta taso gaba ɗaya kafin ɗigon ruwa ya sauka. A kan kogi mai gaɓa kusa da kusa, mai jirgi kan ruga bakin ganga ya laɓe. A tsakiyar tafki kuwa, inda ido ba ya ganin ƙetare sosai, iska na samun filin da za ta tara igiyar ruwa, jirgin da bakinsa ya kusa shafar ruwa saboda kaya kuwa igiya biyu ta ishe shi. Amma hadari ba ya zuwa a ɓoye. Tsofaffin Sarkawa da Nufawa da suka gaji sana'ar ruwa sun san lokacinsa, sun san alamarsa, ba su kuwa kwance jirgi da la'asar in gabas ta yi baƙi. Hadari na Allah ne, amma shawarar a tashi a cikinsa ta mutum ce.

Na biyun da akan ambata shi ne dorina. Ita ma gaskiya ce tana kisa. Babba takan kai nauyin tan ɗaya da rabi ko fiye, takan nutse ta yi minti biyar ba ta ɗago ba, mai ɗa kuwa ba ta ƙyale duk abin da ya gifta tsakaninta da ɗanta. A 2014 dorina ta kifar da kwalekwale a Kogin Kwara kusa da Yamai, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu 'yan makaranta. A 2024 wata ta kashe mutum a ƙasar Yawuri, masunta suka yi gangami suka kashe ta. Duk da haka, in aka duba manyan haɗurran da aka jera a sama, babu ko ɗaya da dorina ko kada ya jawo. Dabbar nan tana da makwancinta da mashigarta, dare ne lokacin kiwonta, masunta kuwa sun san inda take kwana. Gonakin shinkafa da suka matsa har bakin ruwa, da tafiyar dare, su suka riƙa haɗa ta da mutane. Kashe dorina ya kan sanyaya zuciyar gari na kwana biyu, a raba nama, amma ba ya rage ko fasinja ɗaya daga jirgin da aka cika fiye da kima.

Abin da ya fi dorina kisa yana nan tsaye a ƙarƙashin ruwa ba ya motsi. Lokacin da aka toshe kogunan, ba a sare dukan itatuwan dajin da ruwa ya mamaye ba. Ruwan tafkin Kainji kan hau ya sauka da kimanin mita 10 a shekara, saboda haka kututturen da kowa ke gani da bazara shi ne ke ɓoye ɗan taƙi kaɗan ƙasa da fuskar ruwa in tafki ya cika. Jirgin katako mai inji, ga gudu, ga buhunan hatsi da babura da awaki a ciki, in ya hau kansa tsagewa yake yi nan take.

A nan ne maganar masu tuƙi ta shigo. A da, yaro kan shekara goma yana bin ubansa a kwalekwale kafin a bar masa filafili. Yanzu duk wanda ya tara kuɗin injin Yamaha ya zama direban jirgi, ko da bai iya iyo ba, ko da bai taɓa sanin inda tsohuwar hanyar kogi ta bi ba. Ba mugunta ce ta sa shi lodin da ya wuce ƙa'ida ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sawu ɗaya na cin kuɗin da sai jirgi ya cika maƙil kafin a mayar da shi. Fasinja kuma ba shi da zaɓi, domin hanyoyin mota sun lalace, waɗansu kuwa, musamman a ƙasar Shiroro, 'yan bindiga sun hana bin su. Wanda ke cewa a hukunta mai jirgi kawai a huta bai dubi wannan ba. Amma talauci ba ya ƙara wa katako ƙarfi, ruwa kuwa ba ya tambayar dalilin da ya sa aka yi lodin.

Doka dai akwai ta. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare, ta hana lodin wuce kima, ta wajabta sa rigar ceto mai hana nutsewa. Hukumar HYPPADEC da ke Minna, wadda aka yi domin al'ummomin da madatsun ruwa suka shafa, ta raba riguna, ta kuma taɓa aikin cire itatuwa daga tafkunan. A watan Afrilu na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a Minna da rabon riguna 42,000 ga jihohi 12, watau 3,500 ga kowace jiha. Abin yabo ne, sai dai watanni kaɗan bayan bikin aka yi asarar Zumba da ta Gausawa. Dokar da ke Lakwaja da rigar da ke sito a Minna ba su ceton wanda ke kwatar Malale. Abin da ake bukata shi ne mutum a bakin kowace kwata mai ikon ƙirga fasinja ya ce ya isa, kuma Sarkin Ruwa, wanda jama'a suka riga suka san girmansa, ya fi kowa cancanta, muddin ƙaramar hukuma za ta ba shi albashi ta kuma tsaya bayansa. A sare kututture da bazara lokacin da yake a fili, a sa alama a hanyar da jirage za su bi, a kuma riƙa sanar da zuwan hadari a rediyo da Hausa da Nufanci da Gwari da Kambarci.

Waɗansu kan ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Babu mai musun ƙaddara. Amma malamai sun daɗe suna karantar da cewa a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali, kuma wanda ya zuba mata da yara 300 a jirgin da bai kamata ya ɗauki rabinsu ba, cikin dare, ba shi da bakin da zai laɓe bayan wannan kalma.

'Yan Arewa mazauna Kurmi suna da abin da za su iya a nan, domin sun ga yadda ake yi a wani wuri. Wanda ya taɓa shiga jirgi daga Ikorodu zuwa tsibirin Ikko ya san ba a barin fasinja ya zauna sai ya ɗaura riga, tun da jihar ta kafa hukumarta ta ruwa a 2008. Can ma akan yi haɗari, amma mai riga yakan yi yawo a kan ruwa har taimako ya zo. Ƙungiyoyin 'yan gari da ke taruwa a Sabo ta Badun, da Agege, da Anacha, waɗanda ke tara kuɗin gyaran masallaci da na kai gawa gida, za su iya ware wani abu su sayi riguna su damƙa a hannun Sarkin Ruwan garinsu, a riƙa ba kowane fasinja aro kamar yadda ake aron tabarma ran suna. 'Yan kasuwar da ke sarin busasshen kifin Kainji da doyar Gwada da Kuta, har da na Suleja da ke cin riba a tsakani, su ma suna da haƙƙin mutanen da ke ƙetaro masu da kayan. Wanda kuma ya aika da kuɗin biki gida, ya haɗa da kuɗin jirgi na biyu, ya kafa sharaɗin 'yan rakiyar amarya su taso da rana tsaka ko su kwana. Kuɗin rigar ceto goma bai kai na akwatin lefe ɗaya ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu tun damina ba ta sake zagayowa ba.