Ina Ungulayen Kwatarmu Suka Shiga?

Duk wanda ya girma a Gidar ya san yadda kwata take a da. Mahauta na fiɗa, ungulaye sun jeru a kan katanga suna jiran rabonsu, kafin azahar sun share wurin tas ba a biya su ko dala ba. Yau sai mutum ya ɗaga kai ya yi ta dube kafin ya hango 'yan ƙalilan. Ku tambayi mahautan Figil da Garwa, har na Mubi a tsallaken iyaka.

Kashe su ake yi, kuma mu 'yan kasuwa muna da hannu a ciki. Ana barbaɗa guba a jikin mushe, su ci su zube, a yanke kawunansu a busar, a cusa a buhu cikin sauran kaya a tsallake da su zuwa wurin masu tsibbu, wai maganin sa'ar ciniki. A Gini Bisau, a 2020, an hallaka fiye da 2,000 ta wannan hanya. Tsuntsuwar da ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, yaushe za ta cike wannan gurbi? Tun 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ungulun kwata cikin halittun da ke dab da ƙarewa.

Wani zai ce, to ungulu ce fa, wa ya damu? Indiya ta gani a jikinta. A shekarun 1990 maganin shanu mai suna diclofenac ya kusa ƙarar da ungulayenta, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan juji suka yawaita, haukan kare ya biyo baya. Sai 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Mu da arzikinmu ke kan shanu da nama, wa zai kwashe mana mushen?

Kada mu ce ba za su ƙare ba. Baƙar karkandar yammacin Afirka a dazuzzukanmu na arewacin Kamaru ta rage. A 2006 aka neme ta aka rasa, a 2011 aka sanar ta ƙare.

Muna roƙon sarakunan kasuwa da sarakunan pawa su hana baje kawunan ungulu a rumfuna. Direbobi da 'yan kamasho kuma, in an kawo buhu mai wari an ce "kayan magani ne", a kwance shi a gani kafin a ɗora a mota.