Bitar malaman jami'a a Agadas: an bar jaki ana dukan taiki

Tun daga shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka kafa wa Nijar sharuɗɗansu, har zuwa karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, babu sana'ar da ta yi albarka a ƙasar nan kamar shirya taron bita. Duk ma'aikacin gwamnati ya san tsarin abin: a kama zauren otel, a rataya ƙyalle mai ɗauke da tambarin masu ba da agaji, wani babba ya yi jawabin buɗewa, a sha shayi, a ɗauki hoto, rana ta uku a raba takardar shaida da kuɗin zama, wato pardiyam, kowa ya kama gabansa. Wannan al'ada ta shiga jami'o'i, inda ake tara malamai domin a koya musu dabarun koyarwa, da aiki da kwamfuta, har ma da yadda za su samu kwanciyar hankali. Kafin a yi tafi, ya kamata jama'ar Agadas su tambaya: wace cuta ce wannan magani yake warkarwa?

Babu mai hankalin da zai ce malamin jami'a ya wuce a ƙara masa sani. Digirin dakta shaida ce ta iya bincike. Iya tsayawa gaban ɗalibai a fahimtar da su kuwa wata sana'a ce dabam, kuma da yawa daga cikin malamai ba a taɓa koya musu ita ba. Buƙatar ta ƙaru tun da ƙasashen UEMOA suka amince da tsarin LMD a shekarar 2007: shekara 3 ta lisans, 2 ta masta, 3 ta dakta, an raba shekara zango biyu, kowane zango yana da kiredi 30. Ginshiƙin wannan tsari shi ne, wani babban kaso na sa'o'in karatu aikin ɗalibi ne shi kaɗai, a ɗakin littattafai ko a intanet, malami yana yi masa jagora. Malamin da ya saba da shifta tun daga farkon darasi har ƙarshensa lalle yana buƙatar horo. Gardamar tana kan irin horon, da wurin da ake yin sa, da abin da malami zai tarar idan ya koma aji.

An kafa Jami'ar Agadas a shekarar 2014, tare da na Diffa, Dosso da Tillaberi, bayan na Maraɗi, Tawa da Damagaram da suka samu matsayin jami'a a 2010. Niyyar mai kyau ce: ɗan Ingal ko Iferwan ko Bilma ya yi karatu kusa da gida, ba sai ya ci fiye da kilomita 900 zuwa Yamai ba. Amma doka tana iya haifar da jami'a cikin yini guda, malami kuwa sai an yi shekaru ana rainonsa. Shi ya sa sababbin jami'o'i suka dogara ga malaman aro, waɗanda kan zo daga nesa su dunƙule darasin wata huɗu cikin 'yan kwanaki, su koma. Wace dabarar koyarwa ce za ta yi aiki a kan ɗalibin da aka ɗura wa karatun zango ɗaya cikin mako biyu?

Batun fasaha ya fi ban takaici. Jahar da SOMAIR ta fara haƙar uraniyom a cikinta tun 1971, jahar da SONICHAR ke ƙona gawayin Anu Araren tun 1981 domin ba ma'adinan Arlit wuta, ita ce wadda mazauna babban birninta suka sha kwana cikin duhu a tsakiyar bazara. A zauren otel akwai janareto da na'urar sanyaya ɗaki, komai yana tafiya daidai a kan allo. Malami ya koma bakin aiki, ya tarar wuta ta ɗauke, intanet yana rarrafe, ɗalibinsa kuma ba shi da kuɗin katin waya. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, kowa ya ga iyakar karatu daga nesa a ƙasar nan. Marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya ƙarar da rayuwarsa yana nuna cewa rana dukiya ce. Kuɗin 'yan tarurruka kaɗan sun isa a sa faifan hasken rana a kan rufin aji, a Agadas inda rana ba ta yajin aiki.

Sai kuma kwanciyar hankali. Hausawa sun riga sun gama magana: da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙungiyar malaman jami'o'i, SNECS, ta sha shiga yajin aiki a kan bashin haƙƙoƙin 'ya'yanta, kuma a 2019 ta yi doguwar jayayya da gwamnati a kan mayar da kujerar shugaban jami'a ta naɗi maimakon zaɓe. Malamin da mai gidan haya ke jira a ƙofa, mai kanti ya rufe masa littafin bashi, ba ya buƙatar ƙwararre daga ƙetare ya koya masa jan numfashi. A biya shi haƙƙinsa a kan kari, a sama wa iyalinsa asibitin kirki, hankalinsa zai kwanta ba tare da an ɗauki hoto ba. 'Yan kasuwar Agadas su ne shaida, domin ranar da albashi ya makara, su ne na farko da ke ji a jikinsu.

To me ya sa bitar ba ta ƙarewa? Domin tana da masu cin moriyarta. Mai ba da agaji yana son adadin da zai rubuta a rahoto, kuma ƙirga mahalarta ya fi sauƙi a kan auna abin da ɗalibi ya koya. Jami'in ma'aikata yana samun kuɗin tafiya. Shi kansa malamin, wanda aljihunsa ya bushe, ba zai ƙi pardiyam ba, kuma ba a ga laifinsa ba. Ga shi kuma ƙarin girmansa yana hannun hukumar CAMES, wadda aka haifa a Yamai a 1968, inda abin da ya fi nauyi a ma'auni shi ne binciken da ya wallafa. Idan ƙwarewa a aji ba ta ɗaga mutum daga wannan matsayi zuwa wancan, takardar shaidar bita za ta ƙare a cikin akwati.

Mutanen Abzin sun san yadda ake koyon aiki. Babu wanda ya zama madugun ayarin gishirin Bilma da zaman kwana uku a inuwa; sai ya ratsa Tenere shekara da shekaru a bayan na gaba da shi. Maƙerin azurfa ma a gindin maƙera yake tashi. Haka ya kamata horon malami ya kasance: a cikin jami'ar, da kayan aikin da ke akwai, tsawon shekara, tsohon hannu yana shiga ajin sabon hannu yana gyara masa. A kafa wa wannan aiki ofishi na dindindin mai kasafin kansa. A ji ra'ayin ɗalibai a ƙarshen kowane zango. Wakilan Nijar a CAMES su nemi a ƙara wa koyarwa nauyi a ma'auni. Duk taron da aka yi kuma, a liƙa lissafinsa a bango: nawa aka kashe a otel, nawa ya isa aji.

'Ya'yan 'yan kasuwa da na ƙananan ma'aikata ne ke cika waɗannan azuzuwa, domin masu hannu da shuni sun daɗe da tura nasu waje. Su ne za su fito da digirin da babu komai a cikinsa idan aka ci gaba da haka. Iyayensu suna da haƙƙin tambayar mahukunta inda kuɗin bita suke shiga, kuma mahukunta suna da alhakin ba da amsa.