Teku a Cikin Falo: Araha Tana Wajen Mai Haƙuri

Duk mai bibiyar YouTube ko TikTok ba zai rasa cin karo da hoton wani ɗan tankin gilashi ba, wanda haske mai shuɗi ya lulluɓe, kifaye masu ruwan lemo suna kai da komo a tsakanin wasu halittu masu kama da furanni. Waɗannan halittu su ne murjani, tankin kuma ƙoƙari ne na kwaikwayon wani yanki na teku a cikin ɗaki. Tambayar da takan biyo bayan kallon ita ce: shin mai ƙaramin ƙarfi zai iya mallakar irin wannan? Amsata ita ce zai iya, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan ne nake son mu tattauna a wannan mako, domin abin da ke cikin gilashin rayuka ne, kuma kuskuren mai kiwo su ke biyan diyyarsa.

Mu fara da sanin abin da za a kiwata. Murjanin da iyayenmu mata suka sani a matsayin abin ado ƙashi ne na wata halittar ruwa, 'yar uwar wannan da muke magana a kai. Murjani mai rai dabba ce, ko da yake ido zai ɗauke ta tsiro ko dutse. Tarin ƙananan halittu ne da ke zaune a manne da juna, kuma a cikin tsokar mafi yawan masu gina tuddai a teku akwai wata gansakuka 'yar mitsila wadda ke amfani da hasken rana ta samar musu da kaso mafi girma na abincinsu. Idan ruwa ya yi zafi fiye da yadda suka saba, ko da da digiri ɗaya ne, kuma zafin ya ɗore makonni, sai murjanin ya kori gansakukar, ya koma fari fat, ya shiga yunwa. Wannan shi ne abin da ya faru da babban tudun murjani na Ostireliya, mai tsawon kimanin kilomita 2,300, a shekarun 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Tuddan murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku sun dogara da su. Mai tanki a falo yana riƙe da ƙaramin samfurin wannan duniya, da dukan rauninta.

Kiwon halittun teku a gida ba sabon abu ba ne. Tun a shekarun 1840 wata mata mai suna Anna Thynne ta raya murjani a birnin Landan na tsawon shekaru, tana sa a riƙa juye ruwan daga mazubi zuwa mazubi domin iska ta shige shi. A 1853 aka buɗe gidan kallon kifaye na farko ga jama'a a gidan namun dajin Landan, shekara guda bayan haka kuma Philip Henry Gosse ya fitar da littafinsa da ya yaɗa wannan sha'awa a Ingila. Babu lantarki a hannun waɗannan mutane, babu na'urorin da ake talla a yau. Abin da suka riƙe shi ne lura da haƙuri, kuma har yanzu waɗannan biyun ne jarin da ya fi kowane jari.

Shawara ta farko ita ce girman tanki. Mai neman araha yakan ɗauka cewa mafi ƙanƙanta shi ne mafi sauƙi, alhali akasin haka ne. Ruwa kaɗan yana saurin ɗaukar zafi, yana saurin gurɓata, gishirinsa yana saurin hawa idan ruwan ya tsotse. A ganina, lita 60 zuwa 80 ita ce tsaka-tsakin da ya dace da mai farawa: ba ta yi ƙanƙantar da kuskure ɗaya zai kashe komai ba, ba ta kuma yi girman da za ta cinye aljihu ba. A tuna cewa lita ɗaya ta ruwa tana da nauyin kusan kilo ɗaya, don haka tanki mai lita 80 tare da gilashinsa da duwatsu da yashi zai haura kilo 100. Teburin da za a ɗora shi ya zama mai ƙwari, shimfiɗaɗɗe, nesa da taga mai rana. Tankin hannu, wato wanda wani ya taɓa amfani da shi, hanya ce ta rage kashe kuɗi, amma a cika shi da ruwa a waje na kwana biyu a ga ko yana yoyo, a kuma tambaya ko an taɓa zuba maganin kifi mai sinadarin tagulla a ciki, domin tagulla guba ce ga murjani da dodon-koɗi da jatan lande.

Abu na biyu, wanda ba a yi masa rowa, shi ne ruwa da gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowane kilo, kuma wannan gishiri haɗi ne na sinadarai da dama, har da kalshiyam da magniziyam da murjani ke buƙata. Gishirin miya ba zai yi ba. Sai an sayi wanda aka haɗa musamman domin tankin teku. Ruwan famfo yana da kilorin, ruwan rijiyar burtsatse kuma yakan ɗauko ma'adinai da sinadaran da ke ciyar da gansakuka har ta mamaye gilashi. Abin da ake so shi ne ruwan da aka tace da matatar nan da ke tura ruwa ta cikin tantani mai matsi, irin wadda wasu masana'antun ruwan sha ke amfani da ita. Akwai ɗan ma'auni mai kama da alƙalami da ke nuna yawan abin da ya narke a ruwa. Adadin da ya nuna ya kusanci sifiri. Sai kuma ma'aunin gishiri, wanda ya kamata ya tsaya a 1.025 ko 1.026. Ga wata ƙa'ida da ke rikita masu farawa: idan ruwa ya tsotse, gishirin bai tafi ko'ina ba, saboda haka ruwa mara gishiri ake ƙarawa. Ruwan gishiri sai a lokacin canjin mako-mako, inda ake kwashe kashi goma cikin ɗari a mayar da sabo. A tanki mai lita 80, wannan lita takwas ce a mako, wato kimanin kilo 15 na gishiri a shekara. Wanda zai shiga wannan harka ya sa wannan lissafi a gabansa tun kafin ya sayi gilashi.

Daga nan sai duwatsu. Busasshen dutse mai ramuka ya fi wanda aka ciro daga teku araha, kuma ba ya zuwa da ƙwari ko baƙin halittun da ba a gayyata ba. A cikin ramukansa ne ƙwayoyin bakteriya masu amfani za su zauna, kuma su ne ainihin matatar tankin. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wani rukunin bakteriya ya mayar da ita naitirait, ita ma guba. Wani rukunin ya mayar da wannan naitiret, wadda cutarwarta ba ta kai ta na farkon ba, kuma canjin ruwa yana rage ta. Kafuwar waɗannan ƙwayoyi takan ɗauki makonni huɗu zuwa shida. A tsawon wannan lokaci tankin yana aiki, famfo yana juya ruwa, ana ɗan jefa abincin kifi domin ƙwayoyin su sami abin ci, amma babu kifi ko ɗaya. Sai gwaji ya nuna amoniya da naitirait sun koma sifiri sannan a shigo da mai rai. A nan ne mafi yawan asara take faruwa, domin zama a kalli tanki fanko wata guda abu ne mai wuya ga wanda ya kashe kuɗinsa. Amma Bahaushe ya riga ya faɗa: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Yanzu ga inda shawarar masu bidiyo daga Turai da Amurka ba ta wadatar da mu. Su matsalarsu sanyi ce, mu tamu zafi ce da wutar lantarki. Tankin murjani yana son zafin da ke tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyos, dare da rana. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, zafin watannin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya iska kuma zai kai ruwan inda murjani ba zai rayu ba. Na'urar sanyaya ruwan tanki tana da tsada, tana kuma shan wuta. Mafita mai sauƙi ita ce ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan, wadda ke aiki da hikimar da ke sa ruwan randa ya yi sanyi. Busasshiyar iskarmu tana taimaka mata, tana iya sauke digiri biyu ko uku. Sai dai tana ƙara saurin tsotsewar ruwa, kuma a tsakiyar bazara ba lallai ta isa ita kaɗai ba. A lokacin hunturu kuwa lamarin yakan juye, dare ya yi sanyin da sai an sa ɗan abin ɗumama ruwa.

Batun wuta ya fi wannan tsanani. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar numfashi ba, ruwa mai ɗumi kuma bai kai mai sanyi ba. Idan famfo ya tsaya na sa'o'i a ranar zafi, kifaye na iya shaƙewa. Abin farin ciki shi ne ƙaramin tanki ba ya cin wuta da yawa: famfo da fanka da fitilar LED a haɗe ba su cika wuce wat 60 ba, fitilar ma sa'o'i takwas zuwa goma take buƙata a rana. Ƙaramin batir da inbata, ko sola mai matsakaicin ƙarfi, zai riƙe su. Ra'ayina a nan ba shi da kwana: wanda ba zai iya tabbatar wa famfonsa wuta ta sa'o'i 24 ba, ya haƙura da tankin teku tukuna, ya fara da kifin ruwan daɗi mai juriya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka nan a kiyaye fesa maganin sauro a ɗakin da tanki yake, domin abin da ke kashe sauro yana kashe jatan lande da ƙaguwa, yana kuma cutar da kifi.

Idan an zo zaɓen mazauna, ƙanƙanta buri shi ne arahar gaskiya. Tanki mai lita 80 zai ɗauki kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari guda biyu, wanda yara suka sani da Nemo tun fim ɗin 2003, tare da 'yan dodon-koɗi masu lashe gansakuka. Shuɗin kifin da ke tare da shi a fim ɗin yana buƙatar tanki mai ɗaruruwan litoci. Saka shi a ƙaramin gilashi zalunci ne. Cikin murjani kuwa, a fara da masu taushi, irin masu siffar laimar kwaɗi da masu kama da shimfiɗar ciyawa, domin suna jure matsakaicin haske kuma suna yafe ƙananan kurakurai. Guntaye ƙanana sun fi araha, kuma za su girma. Gargaɗi ɗaya: wasu daga cikin masu kama da maɓallan riga suna ɗauke da dafin falitoksin, ɗaya daga cikin mafiya haɗari da aka sani, don haka ba a taɓa su sai da safar hannu, ba a kuma tafasa ko kankare dutsen da suke kai.

Akwai kuma tambayar da mai saye ya kamata ya yi: daga ina halittar ta fito? Gaɓar tekun Afirka ta Yamma ba ta da manyan tuddan murjani, saboda ruwan koguna da laka da kuma sanyin ruwan da ke tasowa daga ƙasan teku. Mafi kusa da mu da suka shahara su ne na Bahar Maliya, wajen Jidda da Fot Sudan. Ke nan duk abin da zai shiga tankinmu ya yi doguwar tafiya. A wasu yankunan Filifin da Indunusiya an daɗe ana kama kifin ado ta hanyar watsa masa gubar sayanaid, wadda ke sumar da kifin ta kuma kashe murjanin da ke kewaye. Wani ɗan kifi na tsibiran Banggai a Indunusiya ya shiga jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa a 2007, kuma cinikin kifin ado na cikin dalilan. Murjani masu ƙashin dutse suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wato ba a tsallaka iyaka da su sai da takardar izini. Sa'ar da aka yi ita ce kifin Nemo yana cikin waɗanda ake hayayyafa a gonakin kifi, da yawa daga cikin murjani masu taushi ma daga guntayen da aka raina suke fitowa. Wanda aka haifa a tanki ya fi juriya, ya saba da abincin gwangwani, kuma sayensa bai rage wa teku komai ba.

Me ya sa na ga batun ya cancanci wannan fili, alhali akwai abubuwan da suka fi shi damun jama'a? Domin ɗan tankin nan makaranta ce. Yaron da ya auna gishiri da hannunsa, ya ga amoniya ta hau ta sauka, ya ga murjani ya tsuke jikinsa ranar da zafi ya ƙaru da digiri biyu, ya fahimci darasin kimiyyar sinadarai da na sauyin yanayi fiye da yadda allo zai koya masa. Makarantun sakandare da sassan nazarin halittu na jami'o'inmu, musamman masu wutar sola, za su iya ajiye tanki ɗaya da ɗalibai za su riƙa kula da shi bi da bi, a raba nauyin a kuma raba amfanin.

Ga mai niyya, jerin da nake ba da shawara shi ne: a fara tanadin wuta, sannan ruwa mai tsabta da gishiri da ma'aunai, sannan tanki da duwatsu, a jira makonni shida, sai a sayi kifi a ƙarshe. Kuɗin da za a tsimi ya fito daga girman tanki da yawan kifi da ƙawar fitila. Kada ya fito daga ruwa ko gishiri ko batir, domin a waɗannan wurare ne araha ba ta ado.