Jama'ar Birik, Mu Horar da Masu Rainon 'Ya'yanmu

Iyayena da 'yan'uwana na Briqueterie, Birik ɗinmu ta Yawunde.

A unguwar nan babu sana'ar da ake shiga da ka. Yaron da zai zama tela sai ya yi shekaru a gindin keken maigidansa kafin a ba shi shadda ya yanka. Mai tsire ba ya sakar wa sabon yaro wuƙa ran da ya zo. Amma jariri, wanda ya fi duk shaddar da ke shagunanmu daraja, muna miƙa shi ga wanda hannunsa ya fi kusa, kuma ba mu taɓa tambaya ba ko an koya wa masu taimaka wa uwa yadda za su taimaka mata. Wannan ne ya sa na ɗaga murya.

Abin da jariri ke nema bayan nono shi ne ya tabbata akwai mai amsa masa. In ya yi kuka a zo, in ya yi gwalantu a mayar masa, in ya firgita a rungume shi, kuma fuskokin da ya sani ne ke zuwa yau da gobe. Yaron da ya samu haka yakan saki zanen uwarsa ya yi rarrafe ya bincika tsakar gida, don ya san inda zai koma. Likitan Ingila John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan haka a 1951, Mary Ainsworth kuma ta bi gidaje a Uganda a 1954 da 1955 tana kallon iyaye mata da jariransu. Har mu an zo an duba. Wani bincike da Robert Marvin da abokan aikinsa suka wallafa a 1977, kan jarirai 18 a gidajen Hausawan Nijeriya, ya nuna yaro yakan shaƙu da mutum 3 ko 4 a gida, ya fi kuma maƙale wa wadda ta fi ɗaukarsa, ko da ba ita ta haife shi ba.

To, a nan damuwata take. Kunyar ɗan fari da muka gada ba ta cutar da yaro a babban gida, domin in uwa ta kau da kai akwai kaka, akwai goggo, akwai abokiyar zama. Yau ku leƙa ɗakunan haya da ke lungunanmu. Amarya ce 'yar ƙarama da ɗanta na fari, mahaifiyarta tana Garwa ko Ngaundere ko Kano, mijin ya fita tun asuba. Kunyar ta biyo ta Yawunde, kakar ba ta biyo ta ba. Tana jin nauyin yi wa ɗanta wasa, an kuma ce mata yawan ɗauka yana sangarta yaro. In kuka ya yi yawa sai ta kunna masa waya. Ran yaye kuma a shafa maɗaci a nono, a ɗauke shi dare ɗaya a kai shi gidan da bai san kowa ba. Wallahi ba mugunta ba ce, yarinyar ba ta samu mai gaya mata ba ne.

Masu gaya matan kuwa suna nan, muna ganinsu kullum. Ungozomar da ke zuwa wankan jego na kwana 40. Ma'aikaciyar asibiti a ranar awo da ranar riga-kafi. Malamar islamiyya da mata ke zama gabanta. Malamar matanel, wato makarantar ƙananan yara, duk da cewa ita sai yaro ya kusa shekara 4 yake isa hannunta. Ku tsaya ku kalli layin riga-kafi: a tuɓe yaro, a ɗora shi a sikeli, a rubuta nauyinsa a kati, a tsira allura, a yi bayani da Faransanci, uwa ta gyaɗa kai ta goya ta tafi. Da an horar da ma'aikaciyar nan, cikin ɗan lokacin da uwa ke ɗaura goyo za ta iya cewa, “Ƙanwata, dubi yadda yake bin bakinki da ido, yi masa magana.” Za ta gane mai jegon da ta yi shiru fiye da kima, wadda baƙin ciki ya danne bayan haihuwa, ta san inda za ta tura ta. Za ta yaba kafin ta gyara, don uwar da aka kunyata a gaban mutane ba ta dawowa.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasashe masu kuɗi. A Kingston ta Jamaika, daga 1986, an horar da ƙananan ma'aikatan lafiya na unguwa suna shiga gidajen talakawa sau ɗaya a mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu da tamowa ta tsumburar. Bayan shekara 20 aka iske abin da yaran ke samu a wurin aiki ya ɗara na takwarorinsu da ba a koya wa iyayensu wasan ba da kusan kashi 25 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna da darussan horarwa irin wannan a shirye. Abin da ya rage shi ne a kawo su nan, a koyar da su da Hausa da Fulatanci.

Malamai, ku muke fara roƙo. Kun fi mu sanin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama, ya gajarta salla saboda jin kukan yaro, ya kuma tsawata wa mutumin da ya ce yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Ku faɗi wannan a huɗubar Juma'a, a babban masallacinmu da na Tsinga, maza su ji. Uban da ya dawo daga kasuwar Mokolo ya ajiye leda ya ɗauki ɗansa bai zubar da girmansa ba.

Hajiyoyi masu adashi, ku zaɓi mata a kowane layi, waɗanda ake jin maganarsu, ku haɗa da ungozomominmu. Alhazai masu shaguna, ku ɗauki nauyin 'yan matanmu da suka gama sakandare su karanta aikin ungozoma da koyar da ƙananan yara, su dawo su yi aiki da harshen da uwa ke ji. Sarakunanmu da masu unguwanni, ku ɗauki sunayen matan nan ku kai ofishin magajin garin Yawunde ta 2 da ma'aikatar kula da mata da iyali, ku nemi a turo masu horarwa. Ɗakin karatu ba zai gagare mu ba, azuzuwan islamiyya suna zama babu kowa da hantsi. Mu sa ranar zaman farko kafin watan nan ya fita.