Wanda ya karɓi kuɗin keke ya karɓi amana

Ƴan'uwa manoma, ranar kasuwa ku tsaya a bakin tasha ku dubi yadda ake loda mota bashe, wadda maƙwabtanmu na Nijeriya ke ce wa a-kori-kura. Buhunan hatsi da na wake su ake fara shimfiɗawa. Sai kwandunan albasa, sai jarkokin mai, sai awaki, sai mutane su hau bisa. Keke shi ne na ƙarshe. In mota ta cika, karen mota ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya jefa bisa kaya, ko ya rataya shi a baya da ɗan guntun igiya. Mai keke yana kallo, bai ce komai ba, don yana jin kunyar a ce ya cika magana.

Wannan hali ya kamata a bar shi. Keke kayan aiki ne kamar hauya da galma da amalanke. Direban da ya karɓi kuɗin ɗaukarsa ya karɓi amana, sai ya ba shi wuri, ya ɗaure shi, ya sauke shi lafiya. Mai keke kuma yana da nasa aiki: ya biya kuɗin da ya dace, ya zo da igiyarsa, ya tsaya a ɗaure a gaban idonsa.

Me ya sa keke ke shiga mota?

Wani zai ce: mai keke me ya kai shi mota, ba sai ya hau abinsa ba? Wanda ya san ƙauye ba zai yi wannan tambaya ba. Babbar hanyar kwalta ta taso daga Yamai, ta bi Dosso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, ta wuce ta Maraɗi da Tasawa har Damagaram. Amma garuruwanmu da yawa suna nesa da ita. Mota na sauke mutum a mararraba, sauran tafiya kuwa sai ƙafa ko keke. Shi ya sa mai zuwa kasuwar Maraɗi ran Litinin ko Jumma'a, ko ta Damagaram ran Alhamis, ko ta Tawa ran Lahadi, yakan shiga mota da kekensa. Akwai wanda ya sayar da gujiya ko aya ya sayi sabon keke a birni zai kai gida. Akwai ɗan cin rani da ke tafiya da kekensa don ya yi talla da shi. Akwai uban da ke aika wa ɗansa keke don zuwa lakwal. Duk waɗannan, in keke ya sauka a karye, tafiyarsu ta ɓaci.

Gyaran keke kuma ba abin wasa ba ne. Tayoyi da sarƙa da feda duk daga waje suke zuwa, da yawa ta Kano suke biyowa, su shigo ta Jibiya ko ta Illela. Manya sun tuna 1994, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi, yadda duk abin da ke zuwa daga waje ya yi tsada. A 2019 Nijeriya ta rufe iyaka fiye da shekara ɗaya, a 2023 kuma aka sake rufewa har cikin 2024. Duk sa'ad da haka ta faru, kayan gyara sukan yi wuya. A ƙauye ma ko iyaka na buɗe, ba kowane gari ke da mai gyaran da ya iya miƙe ƙafar keke ba. Kuɗin gyara daga aljihun manomi yake fitowa, wato tiya ce ta hatsi ke fita daga rumbu.

Abin da hanya ke yi wa keke

Keke yana da ƙarfi ta fuska ɗaya, yana da rauni ta wata fuska. In yana tsaye a kan ƙafafunsa, yana ɗaukar mutum da buhu ba tare da ya nuna gajiya ba. Yawancin ƙafafun keke suna da waya 36, kowace a ɗaure tamau, suna jan da'irar ƙarfe ta kowane gefe. An yi su don su ɗauki nauyi daga sama zuwa ƙasa. Amma in aka kwantar da keke, aka dora masa buhu ko mutum ya zauna bisa ƙafar, nauyi ya zo ta gefe ke nan, ta inda ba shi da ƙarfi. Ƙafa ta lanƙwashe, ta riƙa gogar birki. Wani lokaci mai gyara na iya miƙe ta, wani lokaci sai sabuwa.

Hanyar jan ƙasa mai gargada kuma tana girgiza kaya ba hutawa. Ƙarfe in ya jingina da ƙarfe yana gogawa tun daga tasha har gida. Fenti ya goge, tsatsa ta samu ƙofa. Fedar wani keke ta shiga cikin wayoyin wani ta tsinke su. Akuya ta saka ƙafa cikin wayoyi, ita ta ji ciwo, keke ya lalace. Buhun taki na zamani in ya fashe a kan keke, yana cin ƙarfe kamar gishiri.

Akwai abin da ya fi asarar keke muni. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 kafin mutum ya ƙirga ɗaya zuwa biyu. In jaki ya faɗo hanya direba ya taka birki, mota za ta tsaya, amma abin da ba a ɗaure ba yana ci gaba da tafiya. Babban keke irin namu na ɗaukar kaya ya kai wajen kilo 20, ga feda, ga hannun birki mai tsini. A bayan bashe kuwa mata ne da goyo da tsofaffi ke zaune. In kuma keke ya suɓuce ta baya ya faɗi a kan hanya, mai babur da ke biye ba shi da lokacin kaucewa. Don haka maganar ɗaure keke magana ce ta rai.

Yadda ya kamata a yi

Na ɗaya, a loda keke tun da fari, kafin mutane su hau. A tsai da shi a kan ƙafafunsa, a jikin bangon mota na gefe, ƙafar gaba ta shiga kusurwar da ke bayan direba. Nan ne girgiza ta fi sauƙi, kuma in an taka birki keke ba shi da inda zai je.

Na biyu, mai keke ya cire duk abin da ke iya faɗuwa: famfo, fitila, jarka da kayan da ke ɗaure a baya. In yana da sifana, ya sassauta kan keke ya juya shi ya daidaita da jikin keken, sai ya rage cin wuri. Feda a naɗe ta da tsumma, ko a kwance ta. Mai kwancewa ya tuna fedar hagu tana kwancewa ne ta hannun da sauran notuna ke ɗauruwa. Wanda bai san haka ba yakan yi ta murɗawa har ya kashe ta.

Na uku, a ɗaure keke ta gangar jikinsa, wato manyan ƙarafa na tsakiya. Kada a zura igiya cikin wayoyi, kada a ɗaure ta bisa sandar birki ko murfin ƙafa. Ɗauri ya zama aƙalla wuri biyu, ɗaya yana ja gaba, ɗaya yana ja baya, kowane a jikin ƙarfen mota, ba a jikin buhu ba. Buhu yana motsi, yana zama.

Na huɗu, a haɗa igiya da roba. Robar da ake yankowa daga tsohuwar taya tana da amfani, tana hana kaya kaɗawa. Amma roba tana miƙewa, in ta sha rana tana tsinkewa ba sallama. Igiya ita ke riƙewa, roba tana taimako. Da ɗan guntun roba kuma a ɗaure ƙafar gaba da jikin keke don kada kai ya riƙa juyawa, a matse hannun birki don kada ƙafa ta gangara.

Na biyar, duk inda ƙarfe zai taɓa ƙarfe a sa buhu wanda ba komai, ko kwali, ko tsohuwar tabarma. In kekuna biyu ne ko uku, a jera su kai da wutsiya: ɗaya ya dubi gaba, na kusa da shi ya dubi baya, da buhu a tsakaninsu.

Na shida, in babu wurin tsai da keke sai an kwantar da shi, to ya zama shi ne a sama. Gefen sarƙa ya dubi sama. Kada a ɗora masa komai, kada kowa ya zauna ko ya taka shi, kuma a ɗaure shi kamar yadda aka faɗa.

Na bakwai, a guji rataya keke a bayan mota. Yana rufe fitilun baya da lambar mota, jandarma na da hujjar tsai da ku. Taya in ta kusanci bututun hayaƙi tana ƙonewa. Wasu na ɗora wuyan keke bisa ƙofar baya, ƙafar gaba na lilo a waje. Kekenmu mai birkin sanda bai son haka, don sandar birkin baya ta ƙarƙashin nan take bi, nauyi zai lanƙwashe ta.

Na takwas, bayan an ɗan yi tafiya, a tsayawa ta fari, mai keke ya sauka ya taɓa igiya. Kaya sun zauna, igiya ta saki. Ya ƙara tamke ta.

Abin da direbobi ke cewa

Direba yana da nasa uzuri, kuma ya kamata a saurare shi. Yana cewa: “Malam, wurin da keke ya ci tsaye, wurin mutum biyu ne. Kai kuma in na faɗi kuɗin keke sai ka ce ai keke ba shi da nauyi.” Wannan magana akwai gaskiya cikinta. Mai yana da tsada, taya tana da tsada, mota ta tsufa. Fijo 404 da 504 da suka yi shekaru suna ɗaukar kasuwanninmu, da Toyota Hilux da ta gaje su, ba a yi su don su ɗauki abin da ya wuce wajen tan ɗaya ba. Tan ɗaya kuwa buhu 10 ne na kilo 100. Kowa ya san abin da ake ɗora masu ya wuce haka nesa. Direba yana lissafin kowane taƙi na bayan motarsa.

To, manomin da ya matsa sai an ɗauki kekensa kyauta, ko a bakin abin da bai taka kara ya karya ba, shi ya ba da ƙofar a jefa shi bisa buhuna. Araha ba ta ado. Ka biya wa keke wurinsa, sannan bakinka ya yi ƙarfi. Amma in direba ya karɓi kuɗin, uzuri ya ƙare. Ba daidai ba ne a karɓi kuɗin wuri sannan a sayar wa wani da wurin nan.

Suna kuma cewa ba lokaci, rana na faɗuwa, fasinja na ƙorafi. Ɗaure keke da kyau bai kai tsawon shan shayi ɗaya ba. Motar da ta yi awa biyu a tasha tana jiran cika ba za ta makara saboda igiya ba. Sauri ya haifi nawa: in keke ya faɗi a hanya, tsayawa da gardama da zuwa gaban hukuma sun fi cin lokaci.

Kira ga sandikar direbobi da ƙungiyoyin manoma

Yawancin faɗan da ake yi a tasha ya samo asali ne daga rashin magana tun da fari. Shugabannin tasha suna yanka kuɗin mutum daga gari zuwa gari, kowa ya san shi. Haka ya kamata su yanka wa keke kuɗinsa, a rubuta a allo a kafa a bakin tasha. A rubuta kuma cewa keken da aka biya wa kuɗi, in ya lalace saboda ba a ɗaure shi ba, gyara na wuyan mai mota. Kowace bashe ta riƙa tafiya da igiya mai kyau da tsofaffin buhuna don wannan aiki. Ƙungiyoyin manoma, da suke ɗaukar mota haya lokacin kai albasa ko wake, suna da bakin da za su nemi haka.

Ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, nan ga inda karatunku zai yi amfani. Kafin mota ta tashi, ku rubuta lambar motar a takarda. Ku rubuta lambar da ke buge a jikin ƙarfen kekenku, ku ajiye a gida tare da takardar saye. In aika keken za ku yi ba tare da kuna cikin motar ba, ku rubuta sunan mai karɓa da garinsu ku ɗaura a wuyan keke, ku yi ciniki a gaban shaida.

In an iso, kada ku bari mota ta tashi sai kun duba. Ku ɗaga ƙafar gaba ku juya ta, ku ɗaga ta baya ku juya ta, ku ga ko tana tafiya sak. Ku matsa birki biyu. Ku dubi sarƙa da feda. In akwai ɓarna, a yi magana nan take cikin mutunci, tun direba da shaidu na wurin. In kun sassauta kan keke a tasha, ku tamke shi sosai kafin ku hau, don kai mai kwance yana kayar da mutum.

Ku karanta wa ƴan'uwa wannan magana a dandali da wurin hira, ku kai ta tasha direbobi su ji. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu damana mai albarka.