Takardar lafiyar mota: Shaidar abin da ba a gani ba

Duk mai mota a ƙasar nan ya san yadda ake sabunta takardu. Ka damƙa wa ɗan kamasho kuɗi da hantsi, kafin la'asar ya dawo maka da lasin da inshora, haɗe da wata takarda mai hatimin hukuma da ke cewa an duba motarka an same ta lafiya ƙalau. Ita kuwa motar tana ƙofar gida, wataƙila ma tana gareji an sauke mata inji. A Hausa dai shaida aikin wanda ya gani da ido ne. Wadda aka bayar ba tare da gani ba sunanta zur, ko da hatimin wa ke kanta.

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Nkeonye Maha, ta yanke hukuncin cewa jami'an VIO na Babban Birnin Tarayya ba su da hurumin tsayar da mota a titi, ko kama ta, ko cin direba tara. Jama'a sun yi murna, kuma ba na ganin laifinsu, domin wanda aka taɓa cire wa lambar mota a tsakiyar rana ya san zafin abin. Sai dai murnar ta rufe wata tambaya: da can da suke tsayar da mu, me suke dubawa? Takarda, da tukunyar kashe gobara, da fitilar da ta fashe. Ba a auna ƙarfin birki a bakin kwalta. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana nan tun 1988, Kano ta kafa KAROTA a 2012, amma yawan masu kaki bai sa an leƙa ƙarƙashin mota ba.

Wannan giɓin bakanike ne ya cike shi, kuma a nan gizo ke saƙa. Shi ne likita, shi ne mai sayar da magani. Shi zai faɗi ciwon, ya tafi Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo kayan, ya yanke farashi, babu rasidi, tsohon ƙarfen ma sai ka nace kafin ka gan shi. Da yawansu sun koyi aiki ne a kan Peugeot 504, yau ga su gaban motar da kwamfuta ke sarrafawa, sai canki-canka: a sauya wannan, in ba ta tashi ba a sauya wancan, duk daga aljihunka. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan gyara suka yi tsada, aka ƙara samun masu wanke na gwanjo su sa a kwali. Akwai makanikai masu amana, kuma mu ma ba kanwar lasa ba ne. Sau nawa aka ce wa mai mota taya ta mutu ya ce a lallaɓa? An hana shigo da tayoyin gwanjo, amma ga su jibge a kasuwa, alhali lambobi huɗu da ke gefen kowace taya suna faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta.

Legas ta ce daga Janairun 2022 babu takarda sai an kai motar an auna ta da na'ura. Hanyar ke nan, amma gwamnonin Arewa su yi hattara. Muddin cibiyar awo tana da riba a faɗuwar mota, ko ma'aikacinta na da garejin da yake nuna wa mutane da baki, to an sauya wa cuta mazauni ne kawai. A Ingila, inda ake wannan awo tun 1960, wanda bai gamsu da sakamako ba yana iya ɗaukaka ƙara hukuma ta sake dubawa. Abin da muke bukata shi ne kuɗin awo tsayayye da kowa ya sani, da haramta wa cibiyar yin gyara ko tura mutum wani gareji, sannan a ba mai mota sakamako a rubuce, birkin gaba kaza, na baya kaza, ya kai wa bakaniken da ya ga dama.